Matashin Dutse

Karatun yau: Farawa 28:10-22

Ɗan'uwa, hutun Kirsimeti ya zo, kujerun majami'a kuma sun fara zama wayam. Ma'aikata da ɗalibai da masu bautar ƙasa da ke zaune a nan Takur kowa ya ɗaure kaya. Jirgin ƙasa bai iso Dutse ba tukuna, don haka mai son hawa sai ya fara da mota zuwa Kaduna. Waɗansu da iyali za su tafi. Amma da yawa su kaɗai za su kama hanya, da jaka guda da kuɗin da ba su kai yadda suka so ba. Da su maganar yau take.

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin Kano zuwa Legas a da ya san tafiya ce ta gaske: fiye da kilomita 1,100, kwana da yini har da ɗoriya. A wuce Zariya, Kaduna, Minna, a haye gadar Jebba, sannan Ilorin da Ibadan. Da rana akwai hira da masu talla a tashoshi. Cikin dare ne abin yake, lokacin da tarago ya yi tsit, sanyin hunturu yana shigowa ta taga, jirgi ya tsaya a daji ba wanda ya gaya maka dalili. A nan zuciya take buɗe tsohon littafinta: bashin da ba a biya ba, ɗan'uwan da kuka yi shekara ba ku gaisa ba, tambayar da za a yi maka a gida kan aure ko aiki.

Yakubu ma shi kaɗai ya bar Biyer-sheba ya nufi Haran. Ba yawon hutu ya fita ba. Ya ruɗi mahaifinsa Ishaku, ya karɓe albarkar wansa Isuwa, har mahaifiyarsa Rifkatu ta ce ya gudu wurin Laban don ya tsira da rai. Rana ta faɗi masa a hanya, ya ɗauki dutse ya yi matashi da shi. Mu mutanen Dutse mun san dutse, mun san ba abin ɗora kai ba ne. Duk da haka a kan wannan matashi ya ga matakala ta haɗa ƙasa da sama, Ubangiji kuma ya yi masa alkawarin zama tare da shi, da kiyaye shi, da dawo da shi.

Ka lura da inda Allah ya same shi. Ba a ɗakin mahaifiyarsa ba, ba kuma bayan ya isa ya yi arziki ba. A tsakiyar hanya ne, hannu wofi, laifinsa ko bushewa bai yi ba. A gida hayaniya ta yi yawa, kunnensa kuma yana wajen dabarunsa. Sai da ya rasa abokin magana ya ji muryar Allah. Halleluya! Sa'o'in nan da kake ganin ɓata lokaci ne a tarago, wataƙila su ne kaɗai lokacin da Ruhu Mai Tsarki zai same ka ba ka gaggawar komai. Kada ka ƙarar da su kaf a kan waya.

Akwai masu tsoro, kuma ba za mu raina tsoronsu ba. Ba mu manta da daren 28 ga Maris 2022 ba, da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe mutane, aka kwashi waɗansu zuwa daji, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba. Mai zuwa tashar Rigasa yau yana iya tunawa gabansa ya faɗi. Bangaskiya ba ta hana ka sanar da na gida lokacin tashinka ko ka kula da kayanka. Abin da take hanawa shi ne ka bar tsoro ya zauna a kujerar da ke gefenka yana yi maka wa'azi har ka sauka. Alkawarin da Yakubu ya samu bai gajarta masa hanya ba. Shekara 20 ya yi a wurin Laban kafin ya juyo, ya kuma tarar da Isuwa yana tafe da mutum 400. Amma ya dawo, wansa kuma ya rungume shi.

Addu'a: Ya Uba, ga ƴan'uwanmu da za su kama hanya su kaɗai. Ka rufe su da jinin Yesu daga tasha zuwa tasha. Ka ba direba ido, ka tsare layin dogo, ka wargaza shirin mugaye. Ka yi magana da su cikin dare, ka shirya zuciyar waɗanda za su tarar a gida, ka dawo mana da su Takur da shaida a bakinsu. A cikin sunan Yesu. Amin.