Sa Hannun Mai Gyaran Jirgin Sama a Matsayin Shaida

Ba a barin jirgin fasinja ya tashi bayan gyara sai ma'aikaci mai lasisi ya sa hannu a takardar sakinsa, wadda ke tabbatar da cewa an yi aikin yadda littafin kamfanin da ya ƙera jirgin ya tsara, an kuma gwada an ga ya yi. A tsarin Tarayyar Turai lasisin B1 na masu gyaran inji da gangar jirgi ne, B2 kuwa na masu na'urorin lantarki ne, wato rediyo, da na'urorin gano hanya, da ma'aunan gudu da tsayi, da kwamfutocin da ke taya matuƙi aiki. Wanda bai yi karatun fannin ba sai ya shekara 5 yana aiki a ƙarƙashin wasu kafin a ba shi B2, kuma ko ya samu, ba zai sa hannu a kan babban jirgi ba sai an ƙara masa izinin wannan samfurin takamaimai.

Idan aka ɗora wannan sa hannu a ma'aunin shari'a, ba komai ba ne illa shaida, domin mai yinsa yana ba da labarin abin da ya gani ga mutanen da ba su gani ba, su kuma su jingina rayukansu da maganarsa. Malaman hadisi sun gindaya wa mai ruwaya sharuɗɗa biyu, kiyayewa, wato riƙe abin da ya ji ba ragi ba ƙari, da adalci, wato ya zama mutumin da ba ya ƙarya. Sharaɗin farko kaɗai lasisi yake iya aunawa. Jarrabawa tana nuna mutum ya san yadda ake gwada na'ura, amma ba ta nuna ko zai gwada ta da tsakar dare, ga gajiya, ga na gaba da shi yana tuna masa cewa jirgi zai tashi da asuba.

A ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da tayoyin da iskarsu ba ta kai ƙa'ida ba, suka fashe, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu, kuma bincike ya gano an sauya alƙaluman iskar tayoyin a takarda. Ba sani ne ya yi ƙaranci a nan ba.

A fannin lantarki lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin aibin yana cikin akwati a rufe, ido ba ya kai gare shi. Na'urar auna yadda iska ke bugun fiffike da aka sa wa jirgin Lion Air samfurin Boeing 737 MAX a Bali ta fito ne daga wani wurin gyara a Amurka da karkata ta kusan digiri 21, kuma masu binciken Indonesiya sun kasa tabbatar da cewa an yi gwajin bayan ɗaurawa yadda ya kamata. Jirgin ya faɗa teku ranar 29 ga Oktoban 2018 da mutum 189, ko da yake tsarin ƙirarsa ma yana da kaso mai yawa a laifin. Mai ɗaura irin wannan na'ura dole ya dogara da takardar da ta zo da ita, abin da malaman fiƙihu ke kira shaida a kan shaida, don haka ba adalci ba ne a kama shi da abin da ke ɓoye a ciki. Gwajin da ya rubuta cewa ya yi kuwa nasa ne, ba wanda zai ɗauke masa.

Masu cewa ajali ne ya kira ba su yi ƙarya ba, sai dai ƙaddara ba ta wanke mai shaidar zur, wadda ke cikin manyan zunubai, kuma laifin ya riga ya tabbata tun lokacin da aka sa hannun, ko da jirgin ya sauka lafiya, kamar yadda galibi yake sauka. Shi ya sa ake buƙatar mutum na biyu ya duba ayyuka masu hatsari, irin na linzamin jirgi, shi ma ya sa hannu, matakin da ke rasa amfaninsa da zarar na biyun ya dubi sunan abokin aikinsa ya gamsu, bai je ya dubi aikin ba.