Shirun Ƙarami a Gaban Babba

'Yan'uwa, tun muna yara aka koya mana kada mu katse babba, kada kuwa mu gyara masa magana a gaban mutane. Tarbiyya ce mai kyau, ba mu raina ta ba. Amma bari mu kai ta ɗakin fiɗa. Ga majiyyaci kwance, an ba shi maganin barci, ba shi da bakin yin magana domin kansa. Likita ya soma ɗinki. Ma'aikaciyar jinya kuwa ta ƙirga audugar da aka sa cikin cikinsa, ta ga saura ɗaya ba ta fito ba. In ta yi shiru, ladabi ta yi, ko laifi?

Matuƙan jirgin sama sun riga asibiti shan wuyar wannan tambaya. A 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu suka yi karo a ƙasa, mutum 583 suka mutu. Injiniyan jirgi ɗaya ya yi shakka, har ya tambaya ko ɗayan ya bar hanya, amma da babban matuƙi ya amsa da ƙarfi, bai sake magana ba. Bayan wannan aka soma horar da ma'aikatan jirgi tare, domin ƙarami ya iya faɗi, babba kuma ya iya ji. Daga wurinsu asibitoci suka ari horon.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda mai abubuwa 19 da za a bi lokacin fiɗa. Ɗaya daga ciki shi ne, kafin a sa wuƙa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, gama bakin da ya buɗe sau ɗaya ba ya wuyar buɗewa na biyu. Da aka gwada ta a asibitoci 8, har da na Ifakara a Tanzaniya, masu mutuwa bayan fiɗa suka ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8. Amma a Ontario ta ƙasar Kanada, inda aka tilasta ta, binciken 2014 bai ga wani sauyi na kirki ba. A ganinmu, ana iya cika takarda tsaf, tsoro kuwa yana nan inda yake.

Mukan yi saurin ɗora laifi a kan ma'aikaciyar da ta yi shiru, muna cewa ba ta da zuciya. Lalle da hakki a wuyanta. Amma wa ya koya mata shirun? In makon jiya ta yi tambaya likita ya tsawata mata a gaban ɗalibai, shi ma yana da hannu cikin audugar nan da aka ɗinke a cikin mutum.