Wa ya gani a cikin «an gan shi»?

A ajin nahawu an koya mana cewa «an» na ɓoye mai aikatawa. An sace, an faɗa, an gan shi a tasha. Wa ya gani? Oho. Ban zaci za a ƙera na'ura bisa wannan ƙa'ida ba sai da na fahimci yadda AirTag ke aiki.

Kamfanin Apple ya fito da shi a 2021. Ɗan abu ne, kaɗan ya fi tsabar dala ashirin faɗi, ana maƙala shi a makulli ko jaka. Ba shi da GPS, ba a sa masa sim, shi kansa bai san inda yake ba. Kira kawai yake ta Bluetooth. Duk iPhone da ta gitta kusa sai ta ji, ta ɗauki wurin da take, ta kulle saƙon ta aika ta intanet. Mai abin kaɗai zai iya buɗewa. Mai wayar kuwa yana can yana cinikin albasa, bai san ya ba da shaida ba. Samsung da Google ma suna da irin tsarin.

Mu da cigiya muka saba. Akuya ta ɓace, ka bi gida-gida, wanda ya gani ya dubi fuskarka kafin ya buɗe baki. Nan ne nake jin an yi asara. Mace ta yi yaji saboda duka, miji ya biyo sawu, tsohuwar da ke ƙofar gida ta ce: «Ni ban ga kowa ba, ɗana.» Waya fa? Ba ta bambance akuya da matar da aka soke wa abin a ƙasan jaka.

Gaskiya a 2024 Apple da Google sun daidaita kan gargaɗi: wayarka za ta sanar da kai in baƙon abu na bin ka. To, wadda ke riƙe da ƴar waya mai maɓallai fa?

Wani abokina ya ce ba niyya, ba laifi. Na yarda, amma ga wanda bai sani ba. Ni yanzu na sani, kuma ana iya kashe abin. Jiya na shiga saitin wayata, na tarar a kunne yake. Na kai yatsa ke nan sai na tuna moton yayana da aka sace bara, wanda har yau ba mu samu wanda ya ce ya gan shi ba. Har yanzu ban taɓa maɓallin ba.