Kasuwanci Don Riba Da Kasuwanci Don Al'umma: Ina Bambancin?



Daren jiya bayan sallar isha'i wani matashi ya tsare ni a ƙofar masallaci. Ya haƙa rijiyar burtsatse a unguwarsu, ya sa mata sola, yana sayar wa 'yan garuwa ruwa. Ya ce: "Malam, rani ya shigo, rijiyoyin gidaje sun ƙafe, kowa wajena yake zuwa. Abokaina sun ce in ninka kuɗin jarka. Mahaifiyata kuma ta ce in bar ruwan kyauta don Allah. Wanne zan bi?" Na ce ya ba ni zuwa safe, saboda tambayar ta shafi 'yan kasuwa da yawa a cikinmu.

Mu fara da wannan: neman riba halal ne, ba abin kunya ba ne. Lokacin da Abdurrahman bin Auf (RA) ya yi hijira zuwa Madina, Sa'ad bin Rabi' ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai, kuma yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Don haka wanda ya buɗe shago don ya ci riba ya riƙe iyalinsa, bai tauye mudu ba, bai yi algus ba, bai ci riba haramtacciya ba, bai ɓoye abinci don ya yi tsada ba, to ba shi da laifi. In ya gyara niyya ma lada yake samu.

Amma akwai mataki na biyu. A Madina akwai rijiyar Ruma, mai ita yana sayar da ruwa, talakawa suna shan wahala. Annabi (SAW) ya kwaɗaitar a saye ta, Sayyidina Usman bin Affan (RA) ya saya ya bar wa Musulmi, gugansa kamar gugan kowa. Usman ɗan kasuwa ne na gaske, ya san darajar dirhami. Sai dai a nan ƙishirwar mutane ya duba, kuɗinsa suka zama abin aiki.

To ina bambancin yake? A wuri uku nake ganinsa.

Na farko, abin da ya tayar da kai. Mai neman riba yana tambaya: me mutane za su saya? Mai kasuwancin al'umma yana tambaya: me ke damun mutane, kuma wace sana'a ce za ta magance shi?

Na biyu, ma'aunin nasara. Na farkon a ƙarshen shekara kuɗi yake ƙirgawa. Na biyun shi ma yana ƙirga kuɗi, amma yana ƙirga gidaje nawa suka sami ruwa, yara nawa suka koyi sana'a, zawarawa nawa suka daina roƙo.

Na uku, inda ribar take komawa. Na farkon aljihunsa, kuma haƙƙinsa ne bayan ya fitar da zakka. Na biyun mafi yawanta cikin aikin take komawa don ya faɗaɗa.

Ana gane su ne ranar tsanani. Idan kaya suka yi ƙaranci, ɗaya yana ganin dama, ɗaya yana ganin amana.

Sai dai kada mu ruɗe. Kasuwancin al'umma ba rabon sadaka ba ne. Na ga mutanen kirki sun buɗe kemis ko makaranta da kyakkyawar niyya, suka yi ta ba da bashi ba rubutu, jari ya karye, suka rufe, talakan da suke son taimakawa ya koma inda ya fi tsada. Ku dubi shawarar da Annabi (SAW) ya ba Sayyidina Umar (RA) kan gonarsa ta Khaibar: a tsare asalin, a yi sadaka da amfanin. Ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gādonta, kuma mai kula da ita zai iya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka saba. Wannan shi ne waƙafi. Ka ga ke nan tsare jari da biyan ma'aikaci duk cikin aikin alherin suke.

A zamaninmu ma an gwada. A Pakistan, Dakta Amjad Saqib ya kafa Akhuwat a 2001, suna ba ƙananan 'yan kasuwa bashi ba ruwa, sau da yawa a masallaci ake miƙa kuɗin. Wanda ya biya, kuɗinsa su koma hannun wani. Me zai hana masallatanmu na Juma'a su yi irin wannan, ko da da mutum goma za a fara?

Ina kuma jan kunnen masu sa rigar taimako su tara kuɗin jama'a, a ɗauki hoton marayu, sauran a zuba a aljihu. Wallahi gara ka fito fili ka ce riba kake nema. Ɗan kasuwa mai gaskiya ya fi mai taimakon ƙarya nesa ba kusa ba.

Da safe na ce wa matashin nan: kada ka ninka, domin cin gajiyar ƙishirwar maƙwabci ba halin mumini ba ne. Kada kuma ka bar shi kyauta gaba ɗaya, domin ranar da famfo ya lalace ba mai gyara maka, unguwa ta koma gidan jiya. Ka lissafa kuɗin gyara da albashin yaronka da ribar da za ta riƙe ka, ka tsaya a nan, rani da damina. Sannan ka ware wa masallaci da gidajen marayu nasu kyauta, ka sa mahaifiyarka a cikin niyyar ladan.

Ɗan'uwa, kai ma ka tambayi kanka: in ka rufe shagonka gobe, wa zai yi kewarka ban da masu binka bashi?

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya tsare mu daga haram, Ya sa dukiyarmu ta zama hujja gare mu ranar hisabi. Amin.