Wanda Aka Sallama Daga Aiki: Darasi Daga Ka'abu ɗan Maliku



Watan jiya wani ɗan uwa ya tare ni bayan Isha'i. Sati shida ke nan da kwamitin ladabtarwa ya sallame shi daga aiki, amma kullum da safe sai ya sa kayan aiki ya fita, ya wuni a tasha, don kada iyalinsa su sani. Har bashi ya ci domin ya nuna kamar albashi ya shigo. Da izininsa nake faɗa, sunansa kuwa amana ne.

Abin ba baƙo ba ne a jiharmu. Bayan jarrabawar 2017 gwamnatin Kaduna ta sallami malaman firamare fiye da 21,000, kuma mun ga yadda gidaje suka girgiza. Sai dai kora bayan takardar tuhuma ta fi ciwo, domin ga rashin albashi, ga kunya.

Mu tuna Sahabi Ka'abu ɗan Maliku (RA). Bai je yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira. Mutum tamanin da wani abu suka kawo uzurin ƙarya, aka ƙyale su. Shi kuwa ya tsaya gaban Annabi (SAW) ya ce ba shi da uzuri. Aka hana kowa yi masa magana, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har kwana 50. Ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada ya yi sallama, ba a amsa ba. Duk da haka bai daina zuwa jam'i ba, bai daina shiga kasuwa ba. Ana cikin haka Sarkin Gassan ya aiko masa da wasiƙa, wai ya koma wajensa a mutunta shi. Ya jefa ta a tanda. Daga baya aya ta 118 ta Suratut Tauba ta sauka da karɓar tubarsu.

To ɗan uwa, in ka san ka yi laifin, amsa shi. In dukiyar wani ce, mayar ko da kaɗan-kaɗan. Ka zaunar da uwargida yau ka faɗa mata. Ta ji daga bakinka ya fi ta ji a gidan biki. Ka kuma kiyayi irin wasiƙar Gassan ta zamaninmu: cacar waya, bashin ruwa, boka, da abokin da zai ce zo mu rama.

In kuwa zaluntarka aka yi, haƙuri bai hana neman haƙƙi. Adana kowace takarda, ka ga ƙungiyarku ko lauya da wuri. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kaduna. Mai asusun fansho da bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata 4 bai sami aiki ba, dokar 2014 ta ba shi damar neman kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara.

Mu kuma sauran jama'a, ƙaurace wa Ka'abu umarnin Manzon Allah ne, ba namu ba ne mu yi wa kowa. Wallahi ina jin nauyi in na ga an yi shiru a majalisa don wane ya iso. Alhazanmu masu shaguna da masu hatsi, wa zai ba ɗan uwan nan kaya ya sayar ya kawo kuɗi? Ina ofishin masallaci bayan La'asar, kuma maganar ba za ta fita ba.

Allah Ya buɗa mana ƙofofin halal, amin.

Sakataren Masallaci