Yaron da Ya Iya Durƙuso

Karatun yau: Markus 10:13-16

Ɗan'uwana cikin Ubangiji, ga wata tambaya da nake so ka kwana da ita. Yaron da ya durƙusa ya gaida malami da safe, sa'an nan da aka tashi tara ya ƙwace ƙosan ɗan aji ɗaya, yana da ladabi ko ba shi da shi?

Da yawanmu za mu ce yana da shi, domin ma'auninmu sama yake kallo. Mun koya wa 'ya'yanmu su gaida babba, su karɓi abu da hannu biyu, kada su sa baki idan manya suna magana. Duk wannan yana da kyau. Amma ka lura, malami yana riƙe da bulala, ɗan aji ɗaya kuwa ba ya riƙe da komai. Idan yaro yana girmama wanda zai iya hukunta shi kaɗai, lissafi ya koya: wa ya fi ƙarfina, wa na fi ƙarfinsa. Ana gane ladabin gaskiya a wurin da babu mai tilasta shi.

To, me ya sa ake girmama mutum? In don shekaru ne, ƙarami ba shi da rabo. In don muƙami ne ko kuɗi, talaka ya fita. Littafin Farawa sura 1 ya ba mu wani dalili dabam: Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa. Wannan daraja tana kan hedimasta, tana kuma kan yarinya 'yar shekara 6 mai yagaggen yunifom. Shi ya sa Yaƙub, a sura 3, ya tsawata wa bakin da yake yabon Allah ya kuma juya ya zagi mutum.

A karatunmu na yau, almajiran da suka kori masu kawo yara ba mugaye ba ne. Suna kare lokacin Malaminsu ne, a ganinsu yara ba su isa su tsayar da babban mutum ba. Yesu ya ji haushin abin. Ya tsaya, ya rungumi yaran, ya ɗibiya musu hannu, ya sa musu albarka. Almajiran sun iya girmama na sama. Ran nan ya koya musu girmama na ƙasa.

Yaro yana koyon wannan da ido kafin ya koya da kunne. Idan malama ta kira wani daƙiƙi a gaban aji, kafin a tashi sunan ya bi shi, yana iya binsa har aji shida. Idan aka ba monita bulala ya daki 'yan'uwansa, an koya masa cewa shugabanci izinin duka ne. A gida ma haka. Ɗanka yana jin yadda kake yi wa mamarsa magana. Ke kuma, 'yar'uwata, 'yarki tana ganin yadda kike yi da yarinyar da kika ɗauko daga ƙauye tana taya ki aiki. Abin da suka gani a tsakar gida shi za su kai filin makaranta.

Na san za ka ce, ai Karin Magana ta yi zancen sanda, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, yaro yana bukatar horo. Amma Bulus da ya ce a yi renon 'ya'ya da horo, a Afisawa 6:4, a wannan aya ɗin ya gargaɗi iyaye maza kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Horo yana nuna wa yaro laifinsa da hanyar gyara. Wulaƙanci yana gaya masa shi kansa ba komai ba ne. Mai tanƙwara icce yana so ya miƙe ne, in ya karya shi ya yi hasara.

Ba na ɗora wa malamai laifi duka. Wanda ya taɓa tsayawa shi kaɗai gaban ajin da ya cika maƙil, ga albashi ya makara, ya san haƙuri yana ƙarewa. Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta ce yaro yana da haƙƙin a kiyaye mutuncinsa, amma doka ba ta shiga aji ta zauna. Malami ne yake ciki, kuma yana bukatar addu'arka da goyon bayanka.

In kai malami ne, kira kowane yaro da sunansa. Ka yi faɗa a gefe, ka yi yabo a fili. Yaron da ke gyangyaɗi, ka tambaye shi kafin ka hukunta shi, wataƙila bai karya kumallo ba, wataƙila ya yi talla har dare. Ranar da ka zargi yaro bisa kuskure, ka nemi gafararsa a gaban ajin. Ba za ka ragu ba, su kuwa ba za su manta ba.

In kai uba ne ko uwa, kada tambayarka ta tsaya a na nawa ka zo. Tambaye shi, wa ake yi wa dariya a ajinku? Wa ke zama shi kaɗai lokacin tara? Kai me ka yi? Idan ɗanka ya fara ciwon ciki kowace safiya ban da Asabar da Lahadi, ka zauna da shi, mai yiwuwa akwai wanda yake tsoro. Ka riƙa zuwa taron iyaye da malamai.

Wanda ya san Kaduna bayan rikicin 2000, ko Jos bayan na 2001, ya san yadda unguwanni suka rabu. Inda har yanzu ɗan Kirista da ɗan Musulmi suke zama a benci ɗaya, alheri ne da bai kamata mu ɓata ba. Kada ɗanka ya ji sunan raini daga bakinka ya kai wa abokin zamansa. Shi ma halittar Allah ne, kuma ta wurin ɗanka zai fara sanin ko su wane ne masu bin Yesu.

Yau da dare, kafin ku yi addu'ar iyali, ka yi wa ɗanka tambayoyin nan, ka kuma saurare shi har ya gama.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini inda na raina ƙarami. Ruhu Mai Tsarki, ka tsare bakina a gaban yara. Ka ƙarfafa malamanmu, ka ta'azantar da kowane yaro da ke tafiya makaranta da tsoro. Cikin sunan Yesu. Amin.