Baƙo da Ɗan Gari: Wa Ke da Ƙasa a Adar da Ƙonni?

Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa takan sauka da asuba, rana na ɗagawa ta bushe. Kaba kuwa ko an sare ta, saiwarta na nan cikin ƙasa. Karin maganar na da daɗin ji, amma duk ranar da aka yi saɓani kan gona ko rijiya ko sarauta, sai kowane ɓangare ya ce shi ne kaba. Don haka ya kamata a tambaya: me ke mai da mutum ɗan ƙasa, riga zuwa ko kuwa wani abu dabam?

Nijar ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, mafi yawanta hamada, an raba ta jihohi takwas. Amma kafin wannan rabo, ruwan sama ya riga ya yi nasa: a arewa duwatsun Abzin da rairayin Tenere, a tsakiya makiyayar Azawak, a kudu ɗan sirin ƙasar noma inda mafi yawan jama'a suke. A 1961 har doka aka yi wadda ta shata iyakar noma daga arewa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 da ƴan kai, Hausawa sun haura rabi, sai Zabarmawa, Abzinawa, Fulani, Barebari, Tubawa, Larabawa da Gurmawa. Tunda ciyawar arewa ba ta kai rani, hatsin kudu kuma na bukatar taki da kasuwa, babu yankin da ya taɓa wadatuwa da kansa.

Gundumomin Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni, a kudancin jihar Tawa, suna daidai inda waɗannan yankuna ke haɗuwa, kuma tarihinsu na ba da amsa. Sarakunan Adar da ke Illela zuriyar Agabba ne, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya sauko daga Abzin a ƙarshen ƙarni na 17 ya tarar da Azna a ƙasar. Yau wa zai kira gidan Sarkin Adar baƙi? Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Toronkawa, daga Futa Toro suka taso suka zauna ƙasar Ƙonni tsawon zuriyoyi, shi kansa Shehun a Maratta aka haife shi a 1754. Ko iyakar da ta raba Ƙonni da Sakkwato baƙuwa ce: rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899, sannan Faransa da Ingila suka daidaita layin a 1906. Ruwan Majiya bai san da layin ba, har yau yana ratsa ƙasar Ƙonni ya zuba tafkin Kalmalo a Najeriya. Masana'antar siminti da aka kafa a Malbaza cikin shekarun 1960 ta jawo ma'aikata daga sassa dabam-dabam, albasar Galmi kuma ta jawo fatake da ƴan ƙwadago. Ƴaƴan da suka haifa ba su san wani gari ba. Ke nan duk kabar da aka tono a wannan ƙasa, za a tarar wata rana raɓa ce.

Sai dai akwai hujjar da ba a iya turewa da tarihi. Manomin da garke ya shiga gonarsa gero na bunƙasa, abincin shekararsa ne ya tafi, ba ruwansa da labarin Agabba. Jama'a ta ƙaru, gonar da uba ya noma shi kaɗai yau ƴaƴa da jikoki ke rabo. In ya ce kakansa ne ya sare wannan daji, gaskiya ya faɗa, kuma wahalar kakan tana da haƙƙi. Amma shi ma makiyayin da ya iske an nome burtalin da kakansa ke bi zuwa arewa da damina, ko an kewaye mashaya da shinge, gaskiya ya faɗa. Riga zuwa ba ta iya raba su, domin kowannensu ya riga zuwa wani abu: ɗaya gona, ɗaya hanya.

Abin da zai raba su shi ne nauyin da kowa ya ɗauka. Mutanen da sun san haka: bayan girbi akan saki gonaki, dabbobi su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi. Dokar karkara ta 1993, da hukumomin filaye da ta tanada, wannan tsohuwar yarjejeniya suka nemi rubutawa. Wanda ya kiyaye burtali, ya tsare garkensa har a kwashe amfani, ya biya ɓarna in ta auku, ya zo jana'izar maƙwabci, ya biya kuɗin zama ɗan ƙasa, ko da jiya ya sauka. Wanda ya toshe mashaya kuwa ya ci amanar ƙasar, ko kakanninsa goma na kwance cikinta.

Wannan nauyi ya fi hawa kan mai rinjaye, domin shi ne ke iya mance da wasu ba tare da ya ji a jikinsa ba. Tun 2025 Hausa ce aka ayyana harshen ƙasa a Nijar. Abin alfahari ne ga masu harshen, amana ce kuma. A aji ɗaya a Malbaza ko Illela ana iya samun yaron da da Fulatanci ko Tamajak ya fara magana. Malamin da ya koyi gaisuwa da harshen yaron, ya bar shi ya faɗa wa ƴan ajin sunayen rijiyoyin da iyayensa ke bi, ya koyar da taswirar ƙasa fiye da abin da allo zai ɗauka. Haka ƙungiyoyin al'adu: in za su shirya bikin gargajiyar Adar ko na Ƙonni, su aika goron gayyata har ruga, su kuma ba mutanenta wuri cikin masu shirya taron tun daga zaman farko.